Yadda Kwalekwale Ya Hau Jantudu

Dalilin da ya sa kuka gan ni zaune a gindin kwalekwalen nan bana, maimakon wanda kuka saba gani, shi ne Sarkin Jirgi ba ya nan. Allah ya yi masa rasuwa bayan girbi. Ga filafilinsa can jingine, ga buzunsa a naɗe, babu mai zama a kai. Ni matarsa ce. Ba ni da bakin labari irin nasa, karatuna ma bai yi nisa ba. Amma shekara da shekaru ina bayan zana ina jin sa yana ba ku wannan labari, har na haddace wuraren da yake tsayawa ya yi tari. Jiya wata 'yar baƙuwa ta ce da ni, "Kaka, me kwalekwale yake yi a kan tudu, garin da ko kwaɗo zai zo sai ya yi guzurin ruwa?" Sai na ga in ban faɗa ba, labarin zai bi mai shi. To ku matso. Kai mai jar hula, sauko daga ciki, ba a tuƙa shi sai ranar biki.

A da can babu kwalekwale a Jantudu, kuma babu mai kiran Tabkawa 'yar'uwarmu. Garuruwa biyu ne kawai, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Mu nan Jantudu muna kan duwatsu, muna da gero da maƙera da jakuna, kuma a kasuwarmu fatake suke sauke kanwa. Su Tabkawa suna can ƙasa a bakin tabki, suna da kifi da albasa da wake. Hanya ɗaya ce a tsakani. Ana hawa, ana sauka, ana auratayya, ana zagin juna ana dariya.

Sai wata shekara jakin wani mutumin Jantudu ya shiga shanyar albasa a Tabkawa. Ya ci ya ƙoshi, ya kwanta ya yi birgima a kan sauran. Mai albasa ya kama shi ya aske masa wutsiya tas. Mai jaki ya sauka ya huda wa mai albasa kwalekwale. Daga nan sanduna suka fito. Aka ƙone rumbuna a sama, aka yayyaga taru a ƙasa, har wani dattijo da ya shiga rabon faɗa ya faɗi bai tashi ba. Nan dariya ta ƙare. Maigarin Jantudu, Ƙosau, ya ce sai maigarin Tabkawa ya hau ya durƙusa ya ba da haƙuri. Maigarin Tabkawa, Jatau, ya ce sai Ƙosau ya sauko ya durƙusa. Babu wanda ya motsa. Aka sari ƙaya aka jibge a tsakiyar hanya, tsayinta ya wuce kan mutum. Jakin da ya jawo abin kuwa ya ci gaba da kiwonsa, wutsiyar ma ta sake tofowa.

To a nan Jantudu akwai wata mata mai suna Gambo. Kun san duk wanda aka haifa bayan tagwaye haka ake kiransa. Yayyenta mata ne, Hassana da Usaina, masu kama ɗaya kamar an tsaga kara. Hassana tana auren Mantau maƙeri a nan sama. Usaina tana auren Cindo masunci a can ƙasa.

Kun kuma san yadda ake zama da tagwaye. In ka saya wa ɗaya ɗankunne, ka saya wa ɗayar iri ɗaya, in ba haka ba ka shirya. An ce in suka yi fushi suna aiko kunama, an ce suna hana tukunya nuna. Su waɗannan biyun, ko bayan aure ba su bar ɗabi'arsu ba. In Hassana ta yi tuwo sai ta gutsura ta ba mai sauka ya kai wa Usaina. In Usaina ta soya kifi sai ta ba mai hawa. Babu wadda take kai loma baki sai ta ji ɗayar ta samu.

Da aka jibge ƙaya, babu mai hawa, babu mai sauka. Gambo ta kawo wa Hassana tuwo, Hassana ta dubi akushi ta dube ta.

"Usaina ta samu?"

"Haba Yaya, ta ina zan sani?"

"To ɗauke."

Gambo ta zaci fushin yini ɗaya ne. Ta yi fura, ta yi ɗanwake, ta yanka kazarta guda ta yi farfesu. Tambayar dai ɗaya ce, amsar ma ɗaya. Sai ruwan kunu take kurɓa, shi ma da roƙo. Kwanci tashi warwaron hannunta ya riƙa zamewa har gwiwar hannu, wuyanta ya zama kamar na shamuwa, ta daina iya fita tsakar gida.

Mantau ya bar maƙera ya zo ya tsuguna gaban Gambo, ƙaton mutum, ido ya yi ja.

"Gambo, ki yi mata magana. Ke take ji."

"Kai da kake lanƙwasa ƙarfe kullum, mace ɗaya ta gagare ka?"

"Ƙarfe ai wuta nake sa masa. Wannan me zan sa mata?"

Gambo ta so ta yi dariya, ta waiwaya ta ga yayarta kwance kamar tsumma, sai dariyar ta maƙale. Ta gane in ba a buɗe hanyar nan ba, Hassana ba za ta ga kaka ba. Ta yafa mayafi ta nufi gidan maigari.

Ta durƙusa ta gai da Ƙosau, ta faɗa masa abin da ake ciki. Ya shafa ciki ya yi hamma.

"Don mace ta ƙi cin tuwo zan buɗe hanya? In yunwa ta ishe ta za ta ci."

"Ranka ya daɗe, tagwaye ce fa."

"Ko 'yan uku ce. Tashi ki ba ni wuri."

Kashegari da hantsi Ƙosau ya fito zaure, dattawa sun cika. Ya tattara babbar riga, ya saki jiki a kan buzu. Bai gama zama ba ya yi sama. An ce sai da rawaninsa ya taɓa rufin zaure. Ya riƙe mazaunai yana zagaye ginshiƙi yana kiran sunan mahaifiyarsa, dattawa suna binsa suna "sannu, ranka ya daɗe" suna cizon haɓar riga don kada dariya ta kuɓuce. Aka ɗaga buzu, ga baƙar kunama ta ɗaga wutsiya. Kafin azahar an sami wata a takalminsa, wata a cikin hular da zai sa.

Marigayi in ya kawo nan sai ya kashe ido ɗaya, ya ce damina ce ta faɗi, kunamu kuwa da damina suke fitowa daga duwatsu. Sai ya yi tari, ya ƙara da cewa an dai ga Gambo a bayan gari tana juya duwatsu da muciya, da rufaffiyar ƙwarya a hannu. Ni ban gani ba, ba zan ɗauki alhakinta ba.

Washegari da sassafe Ƙosau ya aika a kira Gambo. Ta same shi kwance rubda ciki, an shafe shi da magani.

"Ke 'yar nan, je ki ce wa yayarki ta janye dabbobinta."

"Ranka ya daɗe, ba ta da ƙarfin magana. Sai dai a buɗe hanya."

"In je in ba Jatau haƙuri? Wannan mai warin kifin? Gara ta harbe ni a ɗaya gefen ma, su yi daidai."

Gambo ta juya maganar a ranta. Ta ga haƙurin nan shi ne ƙayar gaske, ba wadda ke kan hanya ba. Sai ta tuna da mahaifiyarsu. Lokacin da Hassana da Usaina suke ƙanana, sukan yi faɗa har su tsittsige wa juna kitso. Innarsu ba ta taɓa tambayar wa ya fara ba, ba ta taɓa cewa wata ta ba wata haƙuri ba. Akushi ɗaya take direwa a tsakaninsu ta tafi abinta. Kafin tuwo ya ƙare an shirya.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ai wanda ba naka ba shi ake ba haƙuri. Tagwaye ba sa ba juna haƙuri. Akushi ɗaya ake ajiye musu, shi ke nan. A mai da Jantudu da Tabkawa tagwaye mana."

Ƙosau ya ɗago kai. "Gari ya zama tagwaye? Wa ya haife su?"

"Kasuwa ɗaya muka tsotsa, ranka ya daɗe. Babu gida a nan da ba shi da jini a can."

"Kuma ba sai na durƙusa ba?"

"Da wannan kumburin, ko an ce ka durƙusa ai ba za ka iya ba."

Ya harare ta, ya yi nishi, ya ce in Jatau ya yarda shi ma ya yarda.

Gambo ba ta koma gida ba. Ta biya kasuwa ta ƙulle gutsuren kanwa a haɓar zane, don ta san Usaina da son kunun kanwa. Ta ɗauki wani tsohon ƙirgi a maƙerar Mantau, ta sauka har bakin ƙaya, ta wurga ƙirgin a kai, ta yi bisimilla ta haye. Da ta kai sama ƙirgin ya zame, ta gangara ta ɗaya gefen ƙafafu a sama, rabin mayafinta ya zauna a kan ƙaya. Wasu matan Tabkawa masu ɗiban itace suka zubar da kaya za su gudu, sai ɗaya ta tsaya.

"La! Ba Gambo ba ce? Daga sama kika faɗo?"

"Daga Jantudu dai. Ina yayata?"

Matan suka dubi juna. Suka raka ta gidan Cindo. Ga bandar kifi a kan ragaya, ga fura ta yi tsami, ga Usaina kwance, warwaro a gwiwar hannu, wuya kamar na shamuwa. In ba don warin kifi ba, da Gambo ta rantse ɗakin da ta baro ne ta sake shiga. Usaina ta buɗe ido da ƙyar.

"Gambo, Hassana ta ci?"

Gambo ta durƙusa ta riƙe hannunta. "Za ku ci tare, Yaya. Ki dai riƙe ranki har in dawo."

A hanyar gidan maigari matan suka ba ta labarin abin da yake damun Jatau. Shi mutum ne mai son wake, in bai ci wake ba bai ci abinci ba. Tun da aka rufe hanya kuwa wake ya ƙi nuna a Tabkawa. A ɗora shi da safe, a ƙone itace kaya guda, a sauke shi kamar tsakuwa. Duk matan garin sun san dalili, kanwa ce ta ƙare, kanwa kuwa daga Jantudu take zuwa. Amma Jatau ya hana a ambaci duk abin da yake fitowa daga Jantudu, shi kuma tun da aka haife shi bai taɓa leƙa madafi ba. In ya tambayi matarsa Tasalla, sai ta ce, "Ni ma abin ya ɗaure mini kai, maigida."

Gambo ta fara biyawa ta madafi. Ta kwance haɓar zane ta damƙa wa Tasalla kanwar, ta yi mata raɗa. Tasalla ta toshe baki da mayafi.

Jatau yana zaune a zaure da kwanon wake a gabansa, kuncinsa a kumbure, don ranar ya fasa haƙori.

"Ke ba 'yar Jantudu ba ce? Wa ya ba ki hanya?"

"Ƙaya ce ta ba ni, ranka ya daɗe, ta kuma karɓi rabin mayafina. Na ji an ce tukunyarku ta ƙi nuna."

"Ina ruwanki da tukunyarmu?"

"Babu. Na dai ga kun raba tagwaye, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, kowacce tana fushi. Mu can kunama aka aiko mana. Ku naku da sauƙi."

Jatau ya ajiye kwano. "Kunama? Wa ta harba?"

"Maigari."

"A ina?"

"A inda yake zama."

Jatau ya kwashe da dariya har haƙorin ya soke shi, ya riƙe kunci yana dariya yana wayyo. Gambo ta bari ya lafa, sannan ta faɗa masa maganar tagwaye da akushi ɗaya, ba durƙuso, ba haƙuri.

"Ƙosau ya yarda da wannan?"

"Rubda ciki ya yarda."

"In na yarda wake zai nuna?"

"Gwada ka gani, ranka ya daɗe."

Ya dubi dattawansa, ya dubi kwanon tsakuwar da ke gabansa, ya ɗaga murya ya ce ya yarda. Tasalla tana bayan zana, ta jefa kanwa a tukunya. Ba a jima ba ƙamshi ya cika gida. Aka kawo wake luguf, yana narkewa a yatsa. Jatau ya kai loma, ya lumshe ido, hawaye ya zubo masa. Ya ce a buga ganga, a kai Usaina wurin 'yar'uwarta yanzu yanzu, kafin ta sake fushi.

To da me za a kai ta? Ba ta iya tsayuwa, balle hawan tudu. Jaki kuwa babu ko ɗaya a Tabkawa, tun ranar albasa aka kore su. Cindo bai san wani abin ɗaukar mutum ba sai kwalekwale. Ya jawo nasa daga ruwa, ya shimfiɗa tabarma a ciki, ya kwantar da matarsa, ya kafa mata zane don rana. Masunta suka ɗaga shi a ka. Haka suka kama hanya, kwalekwale yana tafiya a sama, ruwa yana ɗiga a wuyan mutane, makaɗa a gaba, mata a baya suna guɗa, wani tsoho yana tuƙa iska da filafili don ya ce bai iya ganin jirgi yana tafiya hannunsa a sake ba.

Mutanen Jantudu sun ji ganga, suka sauko bakin ƙaya. Ƙosau ya zo a tsaye, don har yanzu bai iya zama ba. Hassana tana can gida, ba a iya ɗago ta ba. Aka tsaya ana leƙen juna ta tsakanin ƙayoyi.

Ƙosau ya yi gyaran murya. "An ce mu tagwaye ne."

Jatau ya ce, "Haka aka ce. To tun da Tabkawa ce Hassana, ku ƙanana ku janye ƙayar."

"Wa ya ce ku ne Hassana? Mu da muke sama?"

"Sama ai wurin shanya ne. Mun riga ku zama gari!"

"Kakanku a kasuwarmu ya sayi wandonsa na farko!"

Ganga ta yi shiru. Sanduna suka fara ɗagowa ta kowane gefe. Gambo ta shiga tsakiya tana ihu, babu mai jin ta. Ta dubi rana, ta take tsaka. Ta dubi kwalekwale, ta tuna da wadda ke kwance a sama. Duk wahalar da ta sha za ta tashi a banza a kan wa ya riga wa fitowa.

Sai aka ji ƙwanƙwasa daga cikin kwalekwale. Usaina ce take buga gefensa da warwaro. Ta ɗago kai, ta ɗora haɓa a bakin jirgin.

"Wai a kan sunan Hassana kuke shirin kashe juna?" Muryarta siririya ce, dole kowa ya yi shiru don ya ji. "To ni nan da kuke gani, ban san ko ni ce Hassana ba."

Cindo ya ce, "Me kika ce?"

"Tun muna yara muke musaya. In an aiki Hassana rijiya ba ta so, sai in zama Hassana in tafi. In za a doki Usaina, wadda bayanta ya huta ita ce Usaina. Wata rana muka yi musaya, aka kira mu cin abinci, muka manta ba mu mayar ba. Ko mun mayar daga baya, Allah ne masani. Inna ma da ta gaji sai ta riƙa kiran kowacce 'ke ɗayar'."

Can daga bayan ƙaya sai muryar Mantau ta fito.

"To ni wa na aura?"

Cindo ya ce, "Kai ka ji shi! Ni fa, wa na ɗauko a ka?"

Usaina ta ce, "Kowa ya riƙe wadda ta saba da munsharinsa."

Wata tsohuwa ce ta fara, daga nan dariya ta kama kamar wutar kara. Jatau ya riƙe kunci, Ƙosau ya riƙe baya, masu sanduna suka dogara da su don kada su faɗi. Masu ɗauke da kwalekwale kuwa gwiwoyinsu suka saki. Jirgin ya karkata, ya yi gaba, ya nufi kan ƙaya da Usaina a ciki.

Gambo ta ƙwalla ƙara, "Za ta faɗi!"

Babu wanda ya jira umarnin maigari. Mantau ya fara sa hannu a ƙaya ya fizge, samarin Jantudu suka bi, wasu da sanda, wasu da hannu tsirara. Kafin jirgin ya kai ƙasa kafaɗun maƙera sun shiga ƙarƙashinsa. Da aka natsa aka duba, babu ƙaya a hanya, kuma har yau babu wanda zai ce maka ga garin da ya fara janyewa.

Haka aka hau tudu, maƙeri a gaba, masunci a baya, ana tuntuɓe ana zagin juna ana dariya. Kwalekwale ya ƙi shiga zauren Mantau, sai aka sauke shi a fili, nan daidai inda kuke zaune. Aka ɗauko Hassana a tabarma aka sa ta a ciki. Suka dubi juna, kowacce ta kama warwaron 'yar'uwarta ta mayar mata da shi wuyan hannu, ya sake zamewa.

Gambo ta ruga ta tuƙa tuwon geron Jantudu, Tasalla ta kaɗa miya da kifin Tabkawa. Aka zuba a akushi ɗaya, Gambo ta dire a tsakaninsu kamar yadda innarsu take yi.

Hassana ta ce, "Kin samu?"

Usaina ta ce, "Na samu. Ke fa?"

"Na samu."

Suka sa hannu. Jama'ar gari biyu suna tsaye suna kallon mata biyu suna cin tuwo kamar ba a taɓa ganin an ci tuwo ba. Da suka kai kan kifi sai faɗa ya tashi, wannan ta ja, wannan ta ja. Nan Gambo ta san sun dawo duniya. Ta zauna a ƙasa da rabin mayafinta, ta rufe fuska ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa.

Aka zuba wa Ƙosau da Jatau nasu a akushi ɗaya, Jatau a zaune, Ƙosau a tsaye. Babu wanda ya ce yi haƙuri.

Da la'asar mutanen Tabkawa suka zo ɗaukar jirginsu. Hassana ta riƙe bakinsa.

"Usaina tana da irin wannan a ƙasa?"

Cindo ya ce, "Da yawa ma."

"Ni fa?"

"Haba, me za ki yi da kwalekwale a kan dutse? Ina ruwan?"

Hassana ta juya ta kalli Ƙosau. Ƙosau ya yi tsalle gefe yana kakkaɓe riga. "A bar shi! Abin da ɗaya ta samu, ɗayar ma ta samu. A bar shi nan!" Nan take ya naɗa Mantau Sarkin Jirgi, mutumin da in ya leƙa randa sai jiri ya kama shi.

Jatau ya ce to ai su ma ba su da jaki, Jantudu kuwa tana da su. Aka nemo jakin nan mai wutsiya, shi ɗin dai, aka ɗaura masa kyalle a wuya aka sauka da shi da kiɗa. Mai albasa da kansa ya tarbe shi da kwando.

Saura maganar suna. Mutanen Tabkawa suka riƙa cewa Jantudu tagwayensu ce, don wake ya nuna, ba su da abin tsoro. Ƙosau kuwa har ya mutu, in aka ce tagwaye a gabansa sai ya miƙe ya ɗaga buzu ya duba. Dattawa suka gaji da tashi tsaye duk lokacin da ya miƙe, sai suka riƙa cewa 'yar'uwarmu. Ba a kuma sake tambayar wace ce Hassana ba.

Shi ya sa har yau kwalekwale yake kan Jantudu, in ya ruɓe Tabkawa su sassaƙa sabo su hawo da shi a ka. Shi ya sa akwai jaki ɗaya a Tabkawa da ba a sa shi aiki, ranar biki kuma a cika masa kwando da albasa. Shi ya sa su suke cewa tagwaye, mu muke cewa 'yar'uwa, abin kuwa ɗaya ne. In fari ya same mu, wake yana hawowa. In tabki ya cika ya shiga gidajensu, a ɗakunanmu suke kwana. Wani jikana da ya yi karatu ya ce a ƙasashe masu nisa ma manyan birane suna ƙulla irin wannan, musamman bayan yaƙi, don kada a sake, kuma su ma wasu tagwaye suke cewa, wasu 'yan'uwa mata. Marigayi ya ce ai a wurinmu suka gani. Wannan cika bakinsa ne kawai, shi da bai taɓa wuce Tabkawa ba.

Shi marigayi jinin Mantau ne, ya gaji sarautar har da tsoron ruwan. Ranar biki yakan zauna a ciki ya cika shi da yara, ya yi ta tuƙa iska yana ihu a riƙe da kyau ga igiyar ruwa nan.

Da ya rasu, mutanen Tabkawa suka shimfiɗa tabarmi a bakin tabki suka zauna karɓar gaisuwa, kamar nasu ne ya tafi. Ni kuwa abinci ya fita raina, ko an kawo sai in ture. Ana nan sai ga wata tsohuwa daga Tabkawa, ban ma san sunanta ba, ta hawo tudun nan da sanda, da akushi a ka. Ta dire a gabana ta zauna. Ta ce, "An ce ba kya ci. To ni ma tun jiya ban ci ba, kuma ba zan ci ba sai kin sa hannu. Ki yi sauri, ni ba yarinya ba ce." Na sa hannu. Muka ci, muka yi kuka, muka yi faɗa a kan kan kifi.

To ku ɗaga hannuwanku, har kai mai jar hula, da duk wanda labarin nan ya iske. Allah ka jiƙan Sarkin Jirgi, ka yafe masa, ka haye da shi lafiya, shi da bai iya ruwa ba. Allah ka jiƙan Gambo da yayyenta. Allah kada ka sake nuna mana ƙaya a hanyar nan, kada ka bar ɗaya ta ci ɗaya tana jin yunwa. Ku ce amin.